Akwatin Baturiya a Gwaram

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so, da ranar da aka buɗe wata sabuwar firamare a Gwaram. Har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Lokacin ina koyarwa a Birnin Kudu, kuma ina da wani abin kiɗa da babu mai irinsa a duk yankin. Wata Baturiya da ta koyar da mu a makarantar horon malamai ce ta bar mini shi, da za ta koma ƙasarsu bayan samun 'yancin kai. Kamar fiyano yake, sai dai da iska yake aiki: kana taka feda biyu, wani zugazugi na fata a cikinsa yana hurawa, kai kuma kana danna maɓallai da yatsu. Ta ce ya girmi mahaifinta. Mutanen unguwa akwatin Baturiya suke ce masa.

Na riƙe akwatin nan kamar ɗan fari. Ƙafafunsa huɗu cikin gwangwanayen kananzir na tsoma su saboda gara, kullum Juma'a kuma sai na goge shi. (Matata Hajara ta taɓa cewa da rufin ɗakinta na samun rabin wannan kulawa, da ba ta tarar ruwa a kwano da damina.) Waƙa uku kacal na iya, amma in ka ji ina ba da labari sai ka ɗauka a Ingila aka yaye ni.

Da kuɗin man fetur ya fara shigowa aka shiga gina makarantu ko'ina, sai sufeton makarantu, Alhaji Bala, ya kira ni. Ya ce in zo da akwatina in kaɗa wa yara waƙar maraba ranar buɗewa. Ya kuma rage murya ya ce ba a naɗa hedimasta ba tukuna, ni da wani malami ake dubawa.

Saura kwana huɗu na ji zugazugin yana yoyon iska. Na kira Malam Sale baduku, ya leƙa ciki, ya murza fatar da yatsa.

"Malam, fatar nan ta mutu. Ba ni sati biyu in sa maka ta akuya mai laushi."

"Kwana huɗu gare ni."

"To don Allah kada ka fita da shi."

Ni kuwa, da bakin nan nawa, na ce masa, "Wannan aikin Turawa ne, ba takalmi ba ne." Sai ya tattara kayansa ya tafi. Na samo tsohon tif ɗin keke da sholisho na yi faci da kaina, har ina yaba wa kaina basira.

Ranar muka ɗora shi a bayan akori-kura, ga zafin bazara, ga gargada. Muna isa aka ajiye shi a tsakiyar fili, rana ta yi ta dukansa tun hantsi har azahar. Ni ina can inuwa cikin sabuwar babbar riga ina gaisawa da manya, ban tuna abin da zafi ke yi wa sholisho ba.

Liman ya yi addu'a aka shafa, wuri ya yi tsit. Aka matso da lasifika dab da akwatin. Yara suka jeru, na fara takawa, baitin farko ya tafi lafiya lau, har na ga Alhaji Bala yana gyaɗa kai.

Sai facin ya saki.

Ku gafarce ni, amma ƙarar da ta fito ba ta da wani suna sai tusa. Doguwa, mai kauri, lasifika kuma ta kai ta har bakin kasuwa. Cikin ruɗewa na ƙara taka feda da ƙarfi, sai ga ta biyu, wadda ta fi ta farko. Yara suka toshe baki. Dattawa, Allah ya saka musu, duk suka sunkuyar da kai kamar ba su ji ba. Da na yi shiru, da wataƙila an wuce wurin.

Amma ina! Sai na miƙe na fizgo lasifika na ce, "Wallahi tallahi ba ni ba ne!"

Wani tsoho mai shanu daga Farin Dutse ya ɗaga sandarsa daga can baya ya ce, "Malam, ai mu ba mu ce kai ba ne."

Nan fili ya tarwatse da dariya, har liman yana share hawaye da rawani. Alhaji Bala ya matso ya ce a hankali, "Malam, sauka haka nan."

Hedimasta dai wancan malamin aka ba. Wa zai damƙa makaranta ga mutumin da yara ke kira Malam Ba-ni-ba-ne? Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne da Malam Sale ya sake buɗe akwatin. Sholishon ya narke ya bi cikin 'yan harsunan tagullar da ke fitar da sauti, gargada kuma ta tsaga katakon ciki.

"Sai haƙuri, Malam," ya ce. "Wannan ya fi ƙarfina." Ko gori bai yi mini ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Akwatin bai sake yin ko uffan ba.

Tun daga ranar na koyi abu ɗaya: in abin kunya ya faru a taro, ka sunkuyar da kai tare da kowa. Wanda ya fara rantsuwa, nasa ne.