Ramukan Darar Baba

Ni dai a gidan na tarar da Nomau. Ƙanin maigidana ne, ya ba talatin baya, ƙato kamar rumbu, zuciyarsa kuwa fes. Abu ɗaya ne da shi: yadda ka faɗa masa magana, haka zai aikata ta, ba ragi ba ƙari. Mu huɗu ne a gidan har da Baba, surukina. Ba zan kama sunansa ba. A filin kokawa dai Gagarau ake ce masa, don an ce a zamaninsa bayansa bai san ƙasa ba. Ko da na zo, gwiwoyi sun riga sun gaza. Abin da ke fito da shi daga ɗaki kullum dara ce, wasan nan na 'yan ramuka a ƙasa, wannan da guntayen kara, wancan da tsakuwa, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗaya na abokin wasansa. Shi da Baba Mati, tsohon abokin karawarsa, suke yi a gindin durumin ƙofar gida. Ni kuwa ina leƙe ta ɓular zana, ina tsintar wake.

Wata rana wasa ya yi zafi sai aka kira la'asar. Baba ya ce, "Nomau, zauna nan. Kada ka bar kowa ya taɓa." Da suka dawo, Baba ya miƙa hannu, Nomau ya cafke.

"Kai, ni ne fa!"

"Na gane ka, Baba. Kowa ka ce."

Baba Mati ya kwanta da dariya. "Gagarau, yau ga wanda ya riƙe ka ka kasa ƙwacewa!" Ranar har magariba babu wanda ya motsa ko tsakuwa ɗaya.

Wata rana kuma iska ta yi ta kwashe wa Baba karansa. Ya ce, "Nemo mini masu nauyi, waɗanda iska ba za ta ɗauka ba." Na shiga neman taɓaryata, ƙasa ko sama. Ashe Nomau ya bi gida-gida ya kwaso taɓaren unguwa. Matan maƙwabta suka biyo shi da tsaki da zani a hannu. Ya leƙo ya ce mini, "Matar Yaya, ki yi haƙuri, taki ta fi nauyi, ita zan sa a tsakiya." Ranar ba a ji daka a unguwarmu ba sai bayan azahar.

Wata rana Baba ya ce, "Ramukan nan sun cike. Zurfafa su har sai na ce ya isa." Ya jingina da durumi, barci ya sace shi. Nomau ya fara da yatsa, ya koma fartanya, ya je ya aro diga. Da Baba ya farka, kowane rami ya kai gwiwa, layi-layi kamar za a dasa itatuwa. Ya yi salati, ya ce, "Ajiye digar nan!" Nomau ya ajiye. Tsofaffin suka koma gefe suka tona ƙananan ramuka da yatsa, manyan kuwa suka zauna nan, tunda babu wanda ya ce a cike su.

Da damina ta raba, Allah ya yi wa Baba Mati rasuwa. Tun daga ranar Baba bai sake fitowa ba. In kai kunu da zafi, in ɗauko shi da sanyi. Wuyan nan da aka ce ba a iya kamawa ya koma kamar na yaro. Maigidana ya yi lallashi, liman ya zo ya yi nasiha, duk a banza.

Wata rana na durƙusa da akushi na ce, "Baba, ko loma ɗaya."

Ya juya fuskarsa bango. "Ɗauke, 'yar nan. Ni da abinci sai ranar da na sake ganin 'yan kokawarmu a jere gabana."

Na san nufinsa ke nan sai a lahira, na fito ina share ido. Ban lura Nomau na bakin ƙofa ba.

Da asuba aka nemi amalanke da shanu aka rasa, ga gero a gona yana jiran kwasa. Maigidana ya yi ta faɗa shi kaɗai. Sai washegari da la'asar muka ji ƙarar ƙafafun amalanke da hayaniya. Na leƙa. Tsofaffin 'yan kokawa ne Nomau ya ciko amalanke da su, wani riƙe da buta, wani da takalmi ɗaya. Wani mai suna Anaruwa, rabin kansa a aske, yana ta masifa: "Daga gaban wanzami ya sunkuce ni! Ɗan wa ye wannan?"

Tabarmi ba su isa ba, su kuma ba sa iya naɗe ƙafa. Nomau ya ɗauki kowanne ya ajiye a bakin rami, ƙafafunsa a ciki. Masifa ta tsaya. Wani ya ce, "Kai, wannan zama da daɗi yake, gwiwa ta huta."

Anaruwa ya ɗaga murya. "Ina Gagarau? Ko ya ji ni ne ya ɓuya?"

Sai ga Baba yana dafa bango. Ya daɗe yana kallonsu, su ma suna kallonsa. Can ya nuna da yatsa ya ce, "Kai na gefe, matsa ramin gaba ku cika uku."

Haka wasan dara ya tashi, tsofaffi a madadin kara da tsakuwa, rabi na Baba, rabi na maigidana. Baba ya jera uku ya ce, "Na ɗauke Anaruwa. Fita."

"Wa? Ni? Ina tsaye ba a fitar da ni daga fili ba, sai yau ina zaune? Ni ai a bakin mutum biyu nake, ɗauki wani!"

Gardama ta kaure kan wanda ya fi wani amfani. Akwai Jatau, kunnensa ya yi nauyi, ana ta cewa ya matsa, yana murmushi yana gyaɗa kai, ya toshe wa kowa hanya. Baba ya ce, "Ku bar shi, a da ma ba a ɗaga shi. Shi ne gwanina!" Ya yi dariya har da tari, har da hawaye.

Nomau ya matso jikin zana. "Matar Yaya, ya gan su. Kawo tuwon."

Baba ya ce, "Bari tukuna, ɗan nan."

"Kai ka ce, Baba. A jere, a gabanka." Ya ɗora masa akushi a cinya, ya tsaya a kansa. Baba ya kalle shi, ya kalli tsofaffin, ya sa hannu. Ranar sau biyu na ɗora tukunya.

Baba ya ƙara ganin damina biyu kafin ya bi amininsa. Ramukan suna nan. Duk rani Nomau yakan ɗauko fartanya ya kwashe ƙasar da ta zuba a ciki. Maigidana ya taɓa cewa ya bari haka nan. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Yaya, Baba bai ce ya isa ba."