Darakta da Lauyarsa

Ba yabon kai ba, amma a layinmu babu wanda ya kai ni kwarjini da safe. Taye a wuya, jaka a hannu, takalmi sai sheƙi yake. Abin da ke cikin jakar fulas ɗin shayi ne da tsumman goge takalmi, amma wa ya taɓa buɗewa? Mai aski ne ya fara kirana Darakta, ni kuma tsabar tawali'u ta hana ni gyara masa.

A kamfanin daskararren kifi kuwa, aikina in buɗe ƙofar ɗakin sanyi in rufe. Kada ku raina. Duk kifin da ya shiga, ta gabana ya wuce.

Wata rana manaja ya sa aka kashe janareta don tsimin mai. Kifi ya ruɓe, wari har titi. Da masu kamfani suka nemi wanda za a ɗora wa laifi, sai aka tuna da ni. Aka ce ni na ba da umarnin, aka sallame ni. Gaskiya na ji zafi, ga yara a makaranta, ga shi ba ni da wata sana'a.

Na so lauya daidai matsayina, mai tumbi da babbar mota. Wadda ƙungiyar ma'aikata ta haɗa ni da ita 'yar siririya ce mai tabarau, ofishinta a saman shagon tela. Ta saurare ni tsaf ta ce, "Baba, shari'arka mai sauƙi ce, za a mayar da kai aiki. Zan nuna wa kotu ba ka da ikon ba kowa umarni. Kai dai ka yi shiru."

Na ce, "'Yata, shiru ai ɗabi'ar manya ce. Mun saba."

Ranar zama na gayyaci uwargida, da surukina, da mai aski, da rabin layi, su zo su ga yadda ake ladabtar da kamfani.

Lauyar ta miƙe. Wallahi ta iya aiki, abin da ya ɓata min rai ke nan. Ta ce wanda take karewa ƙaramin ma'aikaci ne. Na haɗiye. Ta kira mai kula da janareta ta tambaye shi ko na taɓa ba shi umarni. Ya yi dariya, ya ce ai ni ko gaisuwata sai ya ga dama yake amsawa. Mai shara ta zo ta ce ita ma takan aike ni sayo mata ruwa. Alƙali sai gyaɗa kai yake, lauyan kamfani ya fara tattara takardunsa. Saura ƙiris in koma aiki.

Sai na waiwaya. Surukina ya cire hula yana sosa ƙeya. Mai aski ya sunkuya, kafaɗunsa na rawa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ya mai shari'a, a yi gyara. A kamfanin nan ko ƙuda ba ya shiga ɗakin sanyi sai da izinina. Janaretan nan in na ce tashi ya tashi, in na ce kwanta ya kwanta. Manaja kansa sai ya ji ta bakina."

Lauyata ta ja min riga har maɓalli ya tsinke. Na ture hannunta, don ba a katse manya. Lauyan kamfani ya ce shi kam ba shi da abin ƙarawa.

Kotu ta gamsu da bayanina sarai. Ta ce korar na kan ƙa'ida.

A waje lauyata ta cire tabarau ta ce, "Baba, tun da na fara aiki ban ga wanda ya kare kamfani kamarka ba." Na yi mata godiya. Uwargida ko kallona ba ta yi ba, ta karɓe jakar, wai za ta yi wa auta amfani a makaranta.

Sai ga manaja, mutumin da duk shekarun nan bai san sunana ba. Ya kama hannuna da hannu biyu, har da rusunawa, ya ce, "Allah ya ƙara girma, Darakta."

Na waiga in tabbatar surukina ya ji. Ya ji kuwa. Aikin ne kawai babu.