Ɓawon Lemon da Ya Girme Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da tsaftata ta kusa maido ni Kano daga Guangzhou ba shiri.

Ina shekarata ta biyu a jami'a aka ba ni ɗan aiki a laburare, sashen adana kayan tarihin abinci da giya. Littattafan girki ne rubutun hannu, da takardun jerin abinci na gidajen da suka daɗe da rufewa, da tsofaffin kwalaben giya. Ranar farko na tsaya gaban shugabar sashen, Madam Lin, wata siririyar mata da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, na ce ni dai ba zan taɓa kwalaben nan ba saboda addinina. Ta ce ba komai, ta mayar da ni ɓangaren abinci. (Har waya na yi wa Mama ina yabon kaina. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.)

Doka ɗaya ta kafa min: duk abin da ya fito daga kwali a rubuta shi a kati, a ba shi lamba, ba a zubar da komai. Na gyaɗa kai kamar na ji.

Wata Litinin aka kawo kwalayen wani tsoho, Mista Chen, wanda danginsa suka taɓa riƙe gidan abinci. A ƙasan kwali na uku na tarar da wani tulun tangaran. Na buɗe, sai ga ɓawon lemo baƙi ƙirin, ya bushe ya kanannaɗe, yana warin akwatin maganin tsohuwa. Ni kuwa 'yar Mama ce, matar da ke share tsakar gida sau biyu kafin a karya. Na ce a raina, ka ji ƙazanta, an sha lemo an cusa ɓawon cikin kayan tarihi. Na juye shi a kwandon shara, na wanke tulun tas da sabulu, na ba shi lamba. Har wani daɗi nake ji.

Ranar Laraba Madam Lin ta ce min Mista Chen zai zo Juma'a ya ga yadda aka adana kayansa.

"Musamman ɓawon lemon kakarsa," in ji ta. "Ita ta shanya shi da hannunta tun yana yaro. A nan ana ajiye shi shekara da shekaru, ana sa ɗan kaɗan a miya ko magani, yana tsufa yana ƙara daraja. Kin gan shi, ko?"

"Na gani," na ce. (Ai ban yi ƙarya ba, na gan shi.)

Tallafin karatuna ya rataya ne kan shaidar da wannan matar za ta rubuta a kaina, in ya tafi kuma biza ta bi shi. Na tuna Baba da ya gama gaya wa duk unguwa 'yarsa na Chana. Na ruga wurin kwandon, wayam. Na tare dattijuwar da ke mana shara, ina nuna mata kwandon. Ta kaɗa hannu ta ce, "Meiyou," wato babu, ta ci gaba da gogenta.

Daga nan sai shagon Hajiya Rabi a titin Huanshi, 'yar Maraɗi ce mai aika atamfa gida, ita ce uwata a garin. Ta saurare ni har ƙarshe.

"Ɗiyata, koma ki hwaɗi gaskiya," in ji ta. "Ke da kika kusa cinye abokiyar ɗakinki ɗanya don ta zubda miki daddawa a shara?"

Gaskiya ta faɗa, amma tsoro ba ya jin nasiha. Na biya kasuwa na sayi sabon busasshen ɓawo, na jiƙa shi da baƙin shayi don ya yi baƙi, na busar da na'urar busar da gashi. Da safe na zuba a tulun ina karanto duk addu'ar da na sani.

Juma'a tsohon ya zo da sandarsa. Ya ɗauki tulun da hannu biyu kamar jariri, ya buɗe, ya kai hanci. Ya sake shinshinawa, ya faɗi wata magana da yarensu.

Madam Lin ta juyo gare ni. "Ya ce wannan ɓawon bara yana kan bishiya. Kuma yana ƙamshin man gashi, abin da kakarsa ba ta sani ba."

Na fashe da kuka, na zayyane komai, har da shayin. Ina jiran a ce na tattara kayana, sai ta jawo durowa ta fito da ɗan akwatin takarda. Ɓawon kaka ne, ko ɗaya bai ɓata ba. Ashe tun Litinin mai shara ta gane shi a kwandon, ta tsince ta kai mata. Kwana huɗu Madam Lin tana gaishe ni da murmushi, tana jiran na buɗe baki.

"Kuskuren Litinin kowa zai iya yin sa," in ji ta a hankali. "Na Laraba ne ya dame ni."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba ta kore ni ba. Na kai hannu zan kwashe ɓawona na jabu na kai shara, sai ta dafa hannuna.

"Me na ce miki ranar farko?"

Haka na zauna gaban tsohon, yana dariya har da share hawaye, na rubuta kati da hannuna: ɓawon lemo, jiƙon shayi, aikin ɗaliba wance. Ta ba shi lamba, ta ajiye kusa da na kaka.

Tun daga ranar, ko tsinken sakace na gani a kwalin mutane sai na tambaya, don mai tambaya ba ya ɓata. In kuma na yi ɓarna, da zafinta nake faɗa. Wasu suna barin sunansu a jami'a da littafin da suka rubuta. Ni nawa yana can kan kanta ta huɗu, kuma a sashen nan ba a zubar da komai.