Hayaƙin Shago na Tara

Zuwa ga Mai Girma Mudir, Shugaban
Kamfanin Hayar Shaguna na Inuwar Dabino,
Dira, Riyad.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban girma, da fatan hancinka yana lafiya, ni ne Badamasi mai wankin hula, na shago na tara, wanda takardarku ta yi wa ƙarin girma daga wanki zuwa gidan shisha. Shekara goma sha ɗaya ina lungun nan ban san na kai wannan matsayi ba. Na gode.

Na ɗaya. Ma'aikacinku ya leƙo ranar Alhamis, ya ga hayaƙi, ya ga maza bakwai zaune suna dariya, ya ciro biro. Ranka ya daɗe, turaren wuta ne. Mutanenmu ba sa zuwa Juma'a da hular da ba ta sha turare ba. Mazan kuwa hulunansu suke jira. Ina dattijo zai nufa da kai a buɗe?

Na biyu. Tiyon da ya ɗauka a hoto na dutsen guga ne. Duk wanda ya zuƙe shi a asibiti zai kwana.

Na uku. Kun ce wurin nishaɗin manya ba ya zama kusa da masallaci, saboda haka ba za a sabunta mini haya ƙarshen watan nan ba, in tattara in koma bayan gari, hanyar filin jirgi. Malam Inuwa, shugaban ƴan zaman shagon, shekararsa saba'in, kuma kusancin masallacin ne ma ya kawo shi. Wane direba ne zai yi tafiyar awa guda a cunkoson Riyad saboda hula ɗaya? Raƙuma zan wanke wa?

Na huɗu. Allon da kuka manna mini a ƙofa, na hana ƴan ƙasa da shekara sha takwas shiga, ya yi kyau ƙwarai. Har wani ɗan albarka ya tura wa matata Zahida hotonsa a Gusau. Yau kwana tara, sallama kawai take amsawa.

Sai wanda ba zan sa wa lamba ba, don ba na dariya ba ne. Kafilina, wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, ya ce in shago ya tafi, iƙama, takardar izinin zamana, ta bi shi. Wallahi tsoro nake ji.

Roƙona ɗaya ne: ka zo da kanka ka shaƙa.

Af, na kusa mantawa. Da ma'aikacin naku ya gama rubutu, ƙamshin ya yi masa daɗi, ya cire shimag ɗinsa, ƙyallen nan na kansa, ya ce a turara masa. An wanke, an goge, an turara, har yau bai zo karɓa ba. In kun tashe ni, a gaya masa ya same ni can bayan gari, kuma ya taho da katin shaida. Doka ce, sai na tabbatar ya kai sha takwas.

Naka mai biyayya, har da durƙuso,
Badamasi Sharif Mai Hula,
Shago na tara, zuwa ƙarshen wata.