Rasuwar Tawila, Sandar da Ta Mutu a Tsaye

Da zuciya mai nauyi da ido jajur, iyalan Munzir Abu Laith, mai wankin gilashin benaye a birnin Amman, na sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar sandarsa Tawila. Ta rasu ranar Litinin da hantsi a bakin aiki, bayan shekara tara tana hidima. Mu abokan sana'arsa muka rubuta sanarwar a madadinsa.

Marigayiyar gaɓa takwas gare ta. In ta naɗe ba ta wuce kafaɗar mai ita ba, in ta miƙe kuwa sai ta shafi tagar hawa na biyar, kowace gaɓa na kullewa da ƙyat! mai daɗin ji. Ba ta taɓa shan ruwan famfo ba. Ruwan tankin garin nan, wanda ke barin farin tabo a kan gilashi, ko warinsa ba ta so. Sai tatacce take sha, ya bi siririn tiyo ta cikinta ya fita ta buroshin kanta yana shuuu, ta wanke ta wuce. Babu sabulu, babu tsumman gogewa, rana ce ke ƙarasa mata aikin.

Babban alherinta dai shi ne ta tsayar da ƙafar Abu Laith a ƙasa. Tsofaffin cikinmu na tune da ranar da kejin wankin gilashi ya karkace da shi a hawa na goma sha huɗu, ya kwashe awa biyar rungume da ƙarfe yana kallon rufin motoci. An sauko da shi ba ƙwarzane, amma tsoro ya sauko tare da shi ya zauna. Tun daga ranar ko tankin gidansa bai sake hawa dubawa ba, matarsa Umm Laith ke hawa, shi yana ƙasa riƙe da tsani yana ba ta umarni. Da Tawila ya ci gaba da ciyar da gidansa ba tare da ya taka matakala ba. Mun sha yi masa tsiya cewa ya fi yi wa sandar nan magana mai taushi a kan uwar 'ya'yansa, bai taɓa musawa ba.

Ciwon ajalin ya fara ne da ɗan tari a gaɓa ta shida, ƙiii, duk sanda za ta miƙe. Sha'aban, mai gadin benen da suke wankewa duk Litinin, shi ya ji tausayinta. Mutumin kirki ne, sai dai a wajensa babu cutar da man zaitun ba ya warkarwa, daga ciwon kunne har ƙarar ƙofa. Abu Laith ya shiga sallar walaha ya bar ta jingine, Sha'aban ya bi gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya ya shafe su sharkaf. Duk ɗan sana'ar nan ya san mai ba ya kusantar irin waɗannan sanduna, don yashi yake kamawa ya daskare. Sha'aban bai sani ba.

Sati guda bayan haka suka shiga da ita tsakar benen, wani ɗan fili taku huɗu da huɗu, gilashi ya kewaye shi har sama, ƙofa ɗaya tak gajeriya. Ta miƙe gaba ɗaya, ta wanke tagarta ta ƙarshe. Da ya zo naɗe ta, ta ƙi. Ya murɗa, ya lallaɓa, ya jijjiga, garin jijjigar wuyan buroshin ya maƙale a ragar ƙarfen da aka shimfiɗa a sama saboda tattabaru. Ta yi ƙiii sau ɗaya, ta yi shiru.

"Wallahi Abu Laith, man gonakin Ajlun ne, tatsar farko," in ji Sha'aban yana share hawaye. "Ni kaina ban ci ba, ita na ba."

"Da ka ci abinka, ɗan'uwa," in ji Abu Laith. "Da ka shanye kwalbar duka."

Har yanzu gawar na nan tsaye. Ba ta kwantuwa, filin ya yi mata kaɗan. Ba ta fita ta ƙofa. Tagogin benen ba a buɗe su, haka aka gina su. In aka yanke ta daga ƙasa, saman zai yi lilo ya rotsa gilashin mutane. Hanya ɗaya ce ta rage, a hau rufi, a ɗaura igiya a ƙugu, a rarrafa kan ragar a kwance kanta. Mu uku muka ce za mu hau. Madam Rula, mai kula da benen, ta buɗe takarda ta nuna mana sunan Abu Laith da yatsa.

"Ragar nan wanda ya sa hannu a kwangila kaɗai ke hawa," in ji ta. "Kawu Abu Laith, na ba ka zuwa Alhamis. In sandar nan ta kwana ranar, na ba wasu aikin, har na sauran benayenmu uku da kake wankewa."

Abu Laith ya ɗaga kai ya dubi ragar, ya sauke. Kwana biyu ke nan yana zuwa ya zauna a gindin marigayiyar da shayin da ba ya sha. Tausayinsa ya hana mu tsokanarsa, mu da ba ma raga wa kowa.

Ta rasu ta bar na'urar tace ruwa da tiyo mita talatin, da tsohuwar motar da aka yi wa gado a rufi daidai tsawonta. Ta bar Umm Laith, wadda ta ce a rubuta cewa ita ba ta yafe wa zaitun ba. Ta kuma bar wani tsanin ƙarfe da ya shekara tara a bayan gida, wanda aka fito da shi jiya aka kakkaɓe, don sabuwar sanda sai ta yi wata biyu a hanya, tukunya kuwa ba ta jira.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar. Za a sauke ta gaɓa gaɓa da zarto, a fitar da ita ta ƙofar da ta shiga. Akwai gahawa mai ɗaci da dabino a ɗakin Sha'aban, ba a karɓar gudummawar mai kowane iri. Abu Laith da kansa zai hau ya kwance kanta. Ya roƙi masu zuwa abu biyu: ƙarfafa su biyo shi rufi su riƙe igiya, waɗanda suka tsaya a ƙasa kuma kada wanda ya kira sunansa, don kada ya duba.