Bataliyar 'Yan Tsaki Tana Neman Ganguna

Zuwa ga Masu Girma Shugabannin Kamfanin Pettigrew da 'Ya'yansa, Maƙeran Sojojin Dalma, Masu Ba Talaka Runduna a Cikin Kwali,

Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan tukunyar narka dalmarku ba ta huce ba, sunana Denzil, ni ne mai suyar kifi da dankali a shagon da ke bakin tashar bas a Mansfield. Ban yi nisa a makaranta ba, amma ina da ido, ina da haƙuri, ina iya ɗiga ƙwayar ido a fuskar sojan da bai kai ɗan yatsa tsawo ba. Na rubuto ta jarida ne domin 'yan kulob ɗinmu na wasan yaƙi da sojojin dalma su ma su karanta. Ranar Asabar mai zuwa za a yi babban yaƙin shekara a zauren coci, kuma a yanzu haka an hana bataliyata hawa tebur. Ga yadda kuka taimaka aka kai nan.

Na ɗaya. A murfin kwalin sojojin ƙasa na zamanin bindigar toka da kuka sayar mini, kun zana wani kyakkyawan saurayi sanye da riga ruwan ɗorawa, kwala ja, bakin hannu ja. Sai kuka shimfiɗa sunan kamfaninku mai albarka daga cibiyarsa har gwiwa, daidai inda gangarsa take. Ta ina zan san makaɗi ne? Wa zai faɗa mini cewa a wancan zamani sojoji ja suke sawa, makaɗi kaɗai ake juya wa launi? Na kwashe lokacin sanyi gaba ɗaya, in na taso aiki ina ƙamshin mai, ina shafa wa mutum talatin ɗorawa. Ɗorawa kuwa, kun fi ni sani, sai an yi mata shafi uku kafin ta yarda ta zauna.

Na biyu. A ƙasan kwalin na tarar da mutum ɗaya riƙe da ganga. Na ce wannan bawan Allah aikinsa daban, ya kamata rigarsa ta bambanta. Sai na shafa masa ja. Wato riga guda ɗaya ce daidai a duk bataliyar, ita ma ba a jikin mai ita take ba.

Na uku. Ban san ko kun taɓa jin labarin Mista Ogden ba, shugaban kulob ɗinmu, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ke ƙirga maɓallan rigar soja da gilashin ƙara girma. Ranar da na jera mutanena a kan koren kyalle, ya ajiye gilashin, ya ce yau ba ya buƙatarsa. Ya ce, "Ɗana, sojoji ka kawo mana ko 'yan tsaki?" Misis Beryl mai haɗa mana shayi ta marmasa biskit ta zuba a gabansu, ta ce a bar su su ci kafin a yanka. Na gyara musu layi. Kowa a harkar nan ya san sabon fenti shi ke fara gudu a yaƙinsa na farko, shi ya sa Mista Ogden ya ɗauko dakarunsa na Faransa, masu gashin baki da dogayen hulunan gashi, waɗanda ya fente tun ba a haife ni ba, ya ce a yi a gama kafin shayi ya huce.

Na huɗu, kuma a nan daɗin yake. Ranku ya daɗe, ba su gudu ba! Na jefa ɗan ludo, shida. Na sake, shida. 'Yan tsaki suka haura tudun kwali, suka ratsa gonar da aka yi da tabarmar goge ƙafa, masu gashin baki suka juya, suka yi ta gudu har bakin tebur, daga nan sai akwati. Mista Ogden ya duba ɗan ludon da gilashinsa, har ya lasa. Tun ranar nake cika wa mutane dankali fiye da ƙima, ina yi wa kifi kirari a cikin mai. Amma mako na zagayowa sai dattijon ya tuna da tarihi. Ya ce rigar ɗorawa ta makaɗi ce, ko in mayar da su ja, ko su kwana a gida ranar Asabar. Ina tarihin yake lokacin da ake zuba musu biskit?

Na biyar. Na ga amsarku ta ban haƙuri kan ƙorafin da na fara aiko muku, wadda kuka ce a cikinta za ku gyara murfin kwali. Don girman Allah kada ku taɓa shi. Kun kuma ba ni shawara in sake fenti. Ku da kuke ƙera soja, ba ku san in na sake ba sun zama sabon fenti ke nan, gudu ya hau kansu? Wa ya san a shafi na nawa sa'ar take zaune?

To ga abin da nake roƙo. Na sami Mista Ogden a gaban Misis Beryl, cikin ladabi na tambaye shi ko makaɗi mai rigar ɗorawa ya halatta a tebur. Ya ce sarai. Na tambaya makaɗa nawa doka ta yarda bataliya ta ɗauka. Ya buɗe littafin wasa, ya lashi yatsa, ya je ƙarshe ya dawo farko, kunnuwansa suka yi ja kamar rigar da yake so in shafa. Doka kawuna take ƙirgawa, ba ta ce komai a kan abin da ke hannu ba.

Saboda haka na riga na sa wuƙa na yanke bindigogin mutanena duka. Guda ɗaya na manna wa mai jar riga, na karɓe gangarsa na ba na kusa da shi. Saura ashirin da tara suna tsaye a kan tagar ɗakina hannu wofi, suna jiran ku. Ku aiko mini da ganguna, ƙanana, kafin Asabar. In ba su iso ba, kakata ta ce za ta ba ni maɓallan tsohuwar rigar sanyinta in manna musu a ciki, kuma kun san wanda zai zo da gilashi ya ƙirga su.

Ina durƙushe a gaban tukunyarku da dukkan girmamawa.

Naku mai biyayya har fenti ya bushe,

Denzil Harker,
Kwamandan soja ɗaya da makaɗansa.