Hannun Jarina da Kwalbatin Ƙofar Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, kuma ko na so in manta, akwai wani kwalbati a Unguwar Kanawa da ba zai bar ni ba. Amma bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikatar gwamnati a Doka, cikin garin Kaduna, irin mu ɗin nan da albashi ke shigowa ranar Juma'a, kafin Litinin ya yi mana sallama. Ina haya a ciki da falo a Abakpa, ina kuma neman auren Rukayya, 'yar wani Alhaji mai sayar da hatsi a Unguwar Kanawa. An kai gaisuwa, an sa rana, saura lefe. Lefen nan kuwa shi ya hana ni sakat. Na daɗe ina tari, amma duk sanda na shiga kasuwa na tambayi kuɗin atamfa, sai in fito ina salati.

Ana haka sai Sagir, abokin aikina da teburinmu ke kallon juna, ya shigo mana da wata sabuwar cuta ofis: hannun jari a waya.

"Mutumina, wai kai har yau adashi kake yi?" in ji shi. "Adashi, a wannan zamani? Kuɗi yanzu suna kasuwanni masu tasowa. Turawa sun gama girma, sun tsaya cak. Mu ne ke tasowa."

Ban san me ake nufi da kasuwanni masu tasowa ba, amma kalmar ta yi mini daɗi a baki. Kafin a tashi aiki ya sa mini manhajar a waya, ya nuna mini wani kamfani a can gabashin Afirka, sunansa wasu haruffa ne kawai a jere. A gefen sunan akwai wani koren layi yana hawa sama.

(A nan zan ɗan kare kaina: na yi tambaya. Sau ɗaya, amma dai na yi.)

"Me suke yi?" na ce.

"Dawa suke saya a hannun manoma, su sarrafa."

"Shi ke nan?"

"To me kake so kuma? Kai dai dubi layin nan."

Na dubi layin. A ƙasansa akwai wani dogon bayani da Turanci, ƙananan rubutu reras, irin wanda mutum ke turawa sama da yatsa ba tare da ya karanta ba. Na tura shi sama. Na kwashi kuɗin lefe kaf na zuba.

Abin haushin shi ne, abin ya yi kyau. Da faɗuwa ya yi tun farko, da na yi kukana a ɗaki ni kaɗai an wuce wurin. Ina! Layin nan ya yi ta hawa, ni ma kaina ya yi ta hawa tare da shi. Na koma ba na iya shan shayi a teburin mai shayi sai na yi wa mutane lacca. In aka yi zancen tsadar masara, sai in gyara zama in ce, "Mu masu hannun jari ba haka muke kallon abin ba." Mu! Ni da har lokacin takalmin fita ɗaya gare ni.

Wurin zance ma ban bar Rukayya ta huta ba. Wasu samarin na kai wa 'yan matansu tsire da lemo, ni kuwa koren layi nake kai mata. Ta yi ta haƙuri da ni, wani lokacin ta ce, "Alhaji mai kamfani, yau ma layin ne?" Ashe daɗin abin take ji a ranta, har ta tsegunta wa Mama, mahaifiyarta, cewa mijin da za ta aura yana da hannu a kamfanin dawa a ƙasar waje. Mama kuma ta kai wa Alhaji.

Shi Alhaji mutum ne mai tsare gida, ba ya son yawan surutu. Tunda na fara zuwa gidan, maganata da shi ba ta wuce in durƙusa in ce, "Baba, ina wuni," ya ce, "Lafiya lau, ya mutanen gida," in miƙe in ɓace. Don haka da Rukayya ta kira ni ta ce, "Baba na son ganinka ranar Asabar bayan La'asar, kuma wai ka zo da wayar nan taka," sai da na sa ta maimaita.

Na ci ado ranar, ba ƙarya. Shadda mai sitaci, hula a karkace, turare kamar na yi ɓarin kwalbar. Na yi sallama a falon Alhaji, sai na tarar ba shi kaɗai ba ne. Ga Malam Liman na masallacin unguwa a kan kujera, ga wasu dattawa biyu a kan darduma. Na zube na gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji bai ja zance ba. Ya ce shi ne ma'ajin kwamitin masallaci, kuma akwai kuɗin da jama'a suka tara don faɗaɗa masallacin, ba su kai a fara aiki ba, ga siminti kullum sai tashi yake yi, kuɗin kuma na zaune suna narkewa.

"Sai muka ji an ce kana da hannu a kamfanin dawa," in ji shi. "Dawa kuwa sana'ata ce, na san halal ce. Shi ne muka ce ka zo ka yi mana bayani, ko ma sa wani abu a ciki."

Mai hankali a nan zai sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai ni ma koyo nake yi." To ni ranar hankalina na bar shi a Abakpa. Ji na yi kamar an naɗa ni sarauta. Surukina da kansa, gaban Liman, yana neman shawarata! Na hango inuwar ƙafafu a ƙasan labulen ƙofar cikin gida, na san Rukayya da Mama na nan suna saurare. Sai na buɗe baki na fara zuba: kasuwanni masu tasowa, Turawa sun tsaya cak, mu ne ke tasowa. Duk abin da Sagir ya faɗa mini na maimaita, har da yadda yake ɗaga yatsa.

Sannan na tuna da safiyar ranar kamfanin ya turo wa masu hannun jari wani bidiyo na saƙon ƙarshen shekara. Ban buɗe shi ba tukuna.

"Baba, in kun yarda," na ce, "bari in haɗa wayar da talabijin, ku ga kamfanin da idonku."

Babu wanda ya roƙe ni. Ina so ku riƙe wannan: babu wanda ya roƙe ni.

Bidiyon ya fara da kyau, wallahi. Gonakin dawa iya ganinka, zangarniya ta nuna jajur, mata na girbi suna murmushi. Alhaji ya matso gaba, ya gyara tabarau.

"Kai, wannan dawa ta yi kyau," ya ce. "Kamar kaura."

"Ai ba sa sayen ta banza, Baba," na ce, kamar ni nake auna musu.

Aka nuno manyan motoci ana loda buhuna. Dattawa na ta "Masha Allah." Aka nuno masana'anta, ga wasu tankuna na ƙarfe masu ƙyalli, dogaye kamar bene. Liman ya ce, "Ikon Allah, duk gari ne a ciki?" Na ce, "Har da su kunu na zamani, Allah gafarta Malam." (Daga ina na samo kunun zamani? Har yau ban sani ba.)

Sai ga kwalabe. Koraye da ruwan ƙasa, suna tafiya a layi a kan inji, dubbai.

"Lemo ne," na ce da sauri.

Kiɗa ya canza. Aka nuno wani wuri mai jajayen fitilu, maza da mata cike, ana ta rawa. Wani ƙato ya ɗaga wani ƙaton kofin gilashi, ruwa rawaya a ciki, kumfa na malalowa ta gefe. Sauran ma suka ɗaga nasu, aka gwara kofuna, aka yi shewa. Kyamarar ta matso kusa da kumfar nan har ta cika talabijin ɗin Alhaji daga wannan gefe zuwa wancan.

"A'uzu billahi!" in ji Liman.

Jama'a, kamfanin giya ne. Da kuɗin lefen 'yar ma'ajin masallaci na sayi hannun jari a kamfanin giya, na kuma zo da ƙafata ina tallata shi ga kwamitin masallaci.

Na danna wayar, ta ƙi. Na sake dannawa, sai ƙarar ta ƙaru. Na rarumi rimot, ashe na risiba ne. Na yi tsalle na nufi bango na fizge wata wayar wuta daga soket, sai fanka ta tsaya, talabijin kuwa na nan yana ta shagali. Kullum a Kaduna ana ɗauke wuta ba a tambayi kowa ba, amma ranar da na roƙi Allah a ɗauke, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ƙarshe Alhaji ne ya miƙe a hankali, ya taka, ya danna maɓallin jikin talabijin ɗin da yatsa ɗaya.

Babu fanka, gumi na bin bayana ta cikin shaddar. Na kalli ƙasan labule, ƙafafun nan sun ɓace.

"Yaro," in ji Liman, a natse, "ka san abin da suke yi ka sa kuɗinka?"

"Wallahi tallahi ban sani ba, Allah gafarta Malam."

"To me ka sani?"

Koren layi na sani, kuma ba na jin zai yi amfani a wurin.

Alhaji bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Tashi ka je. Zan neme ka."

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Rukayya ba ta ɗaga wayata. Tsoro ya kama ni sosai, don ina son yarinyar nan, kuma na san an fasa aure a kan abin da bai kai wannan ba. Da na tare Sagir a ofis, buɗe baki ya yi ya ce, "Kai haba! Wallahi ni ma na ɗauka lemo ne." Na bar shi a wurin kafin in yi abin da za a kore ni daga aiki.

Da na ga zaman jiran ba zai fisshe ni ba, sai na wanke ƙafa na tafi wurin Liman da kaina. Ya saurare ni, har ya ɗan yi murmushi. Ya ce in sayar da hannun jarin nan take, in ɗauki uwar kuɗina, ita halal ɗina ce. Ribar kuwa ba tawa ba ce: ba za ta shiga lefe ba, ba za ta shiga cikina ba, balle masallaci. In zuba ta a wani aikin da jama'a za su amfana, kamar gyaran kwata, kuma kada in sa ran lada.

Haka na sayar, ina ji ina gani na rabu da ribar da na gama lissafa akwatuna da ita. Akwai wata kwata a ƙofar gidan Alhaji da ke cika ta tumbatsa duk damina, mutane na tsallake ta da dabara in za su masallaci. Na nemi izinin mai unguwa, na kawo magina da kuɗin ribar, aka yashe ta aka ɗora mata kwalbati. Ni da kaina na riƙa ɗaukar kwanon siminti, mutanen unguwa na wucewa suna, "Sannu da aiki, mai kamfani!" Labari ya riga ya zaga.

Ranar da kwalbatin ya bushe, Alhaji ya fito zai tafi masallaci. Na durƙusa na gaishe shi. Ya hau kan kwalbatin, ya buga ƙafa, ya sake bugawa.

"Wannan dai na san abin da ke cikinsa," ya ce. "Siminti ne da yashi." Ya yi gaba kaɗan, sannan ya waiwayo. "Ka je ka haɗa lefenka daidai ƙarfinka. Ranar tana nan yadda aka sa ta."

Wallahi sai da na ji ƙwalla ta cika mini ido, a bakin kwata, gaban yaran unguwa.

An yi biki, lefe bai kai yadda na yi mafarki ba, kuma babu wanda ya mutu. Har yanzu ina taɓa hannun jari kaɗan-kaɗan, sai dai yanzu dogon bayanin nan na ƙasa shi nake fara karantawa, har ƙarshe, kuma ba na sayen komai sai na iya faɗa wa Rukayya da Hausa abin da kamfanin ke sayarwa. In na fara kumbura a gida, ita kuma sai ta ce, "Alhaji mai kamfani, a kunna maka talabijin?" Sai in sauko.

Duk sanda muka je gaishe da su Baba, ta kan kwalbatin nan muke bi mu shiga gidan. A cikin duk jarin da na taɓa zubawa, shi kaɗai ne bai taɓa faɗuwa ba.